Sandunan da Na Hana a Yanka

Faruk, Nana, wannan babin naku ne fiye da sauran. Kun taso kuna jin dangi suna cewa uwarku ta shiga tsakanin mahaifinku da yayansa a kan sandunan dawaki. Ana faɗa ana dariya, kuna dariya, ni ma wani lokaci nakan taya ku. Amma yanzu Baffanku Sule ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ni kuma gwiwoyina sun fara ƙin hawa bene. Ina so ku ji yadda abin ya faru daga bakin wadda aka yi a gabanta, kafin ya zama abin da kowa zai ƙara wa gishiri.

A lokacin muna unguwar Small Heath a Birmingham, a gidan nan da bangonsa ke manne da na maƙwabta, wanda in tsohon gidan dama ya yi tari sai mu ce masa sannu daga namu falon. Mahaifinku ya gama digirinsa na uku, yana koya wa manya lissafi a wata kwaleji. Ni kuma ina aiki a cibiyar yara da iyaye ta hukumar gari, council ɗin nan, ina yi wa matan da ba su jin Turanci tafinta, ina raka su wurin likita da makaranta. Sai gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. Abin bai zo gaba ɗaya ba. Da farko ɗakin karatun unguwa ya rage ranakun buɗewa, sannan aka garƙame wurin wasan samari, sannan wata rana shugabarmu ta tara mu, ta fara karanta sanarwa, ta kasa ƙarasawa. Ba mu buƙaci ta ƙarasa ba. A wannan shekarar kuma aka zaftare wa mahaifinku azuzuwa, ya koma zaman gida rabin mako, yana ta gyara abubuwan da ba su lalace ba.

Yaya Sule ne ya ɗauke mu, kuma wannan ina so ku riƙe shi da kyau kafin ku ji sauran. Shi ya riƙe mahaifinku tun rasuwar kakanku, shi ya sa shi a makaranta, shi ya tsaya masa a aurenmu. Yana Manchester tun kafin mu zo ƙasar, yana zaune a Whalley Range cikin wani ƙaton tsohon gida da aka rarraba, yana da sito a bayan gari inda yake aika kaya Najeriya: motoci, firij, durom-durom na tufafi, keken ɗinki, duk abin da mutanenmu suka kawo. Da ya ji an rufe cibiyarmu bai jira an roƙe shi ba. Ya bugo ya ce wa ƙaninsa:

"Habibu, ka turo min Binta. Takardu sun fi ƙarfina, ita kuwa tana da kai."

Haka na fara raba mako biyu, farkonsa a Manchester a ɗakin baƙi na Yaya Hauwa matarsa, ƙarshensa a wurinku. Motar haya ta san ni, na san ta. A siton nan na koyi abu biyu da suka canja min rayuwa. Na ɗaya, jirgi da tirela ba nauyi kaɗai suke sayarwa ba, wuri suke sayarwa. Buhun auduga da ya cinye kusurwa guda zai iya fin injin niƙa tsada, ko da yaro zai iya ɗaga shi. Na biyu, babu abin da ke tsallake teku sai da suna da lamba. Akwai wani ƙaton littafi na kwastan da ya kasa kayan duniya rukuni-rukuni, daga allura har jirgin sama, kuma rukunin da ka saka kaya shi ke faɗin takardun da za a nema da yadda za a karɓe shi a can. Mutane suna ganin littafin nan su ji barci. Ni kuwa ya shiga raina kamar labari. Har wani ɗan kwas na masu fiton kaya na shiga don in fahimce shi sosai. Yaya Sule yana min dariya, domin shi suna ɗaya ya sani. Mota dai mota ce, sauran duk "kayan gida". Ba don zamba yake yi ba. Haka ya tarar ana yi, ejan ɗinsa na Legas ya san yadda ake fitar da su, kuma mutane suna samun kayansu.

Ke Nana, kin san an haife ki da rauni a ɓarin hagu. Kina ƙarama likitar da ke motsa miki gaɓɓai, Dokta Ladi, mutuniyar Jos da ke zaune a Perry Barr, ta ce mu gwada hawan doki, yana ƙarfafa baya da cinya. Mahaifinku ya zaci wasa take. Amma muka je wata gona a gefen Birmingham, inda wata Baturiya mai suna Maureen take koya wa yara irinki hawa, council na biya musu. Dattijuwa ce mai kaushin hannu da kaushin murya, ba ta iya lallashi ba, amma ban taɓa ganin yaron da ya ji tsoronta ba. A filinta akwai kayan tsallake na katako, duk marigayi mijinta Ted ya yi su da hannunsa, kafinta ne. Dogayen sanduna masu santsi, kowace ta fi tsawon mota, an yi musu fenti ja da fari, shuɗi da fari. Sai ginshiƙan da ake ɗora su a kai, masu fukafukai kamar ƙyauren lambu, da wasu ƙananan katangu na katako da aka zana musu bulo. Kin fara da taka sanda a ƙasa, doki na tafiya a hankali. Ranar da kika fara tsallake ta a sama, ni ban gani ba, na rufe ido. Ihun Faruk ne ya gaya min kin sauka lafiya.

Tsukewar da ta cinye aikina ita ta iso gonar. Aka daina biya wa yaran, iyaye irinmu ba mu da halin ɗauka, Maureen ta jure iya jurewarta, ta saki. Dawakin ta raba wa mutanen da ta yarda da su. Kayan tsallaken ne suka rage. Masu kuɗi suna son sababbi na roba, wani maƙwabcinta kuma ya ce ta ba shi ya haɗa da itacen da za a ƙona a wasan wutar da suke yi da sanyi. A daidai lokacin Dokta Ladi tana shirin ajiye aiki ta koma gida, tana da filin gado a bayan Jos, tana son buɗe irin wannan wurin don yaran can. Mu uku muka tsaya a bakin shinge, ana yayyafi, Maureen ta ce:

"Ba zan sayar ba. Ladi, ki kwashe duka. Abu ɗaya nake so, su isa yadda Ted ya bar su."

Dokta Ladi ta juyo ta dube ni.

"Maman Nana, ai wannan aikinku ne. Za a iya?"

Na ce za a iya. Ban yi shawara da kowa ba, domin ban ga abin shawara a ciki ba. Sitonmu ne, aikinmu ne.

Ranar wata Asabar Yaya Sule ya zo Birmingham ya ga kayan. Ya zagaya su, ya ɗaga sanda ɗaya ya ji nauyinta, ya yaba aikin kafintan, ya yi wa Maureen barkwanci har ta yi murmushi, abin da ba kasafai take yi ba. Muka dawo gida na zuba tuwo da miyar kuka. Muna ci ya fara tsara yadda za a yi, cikin sauƙi, kamar mai faɗin hanyar kasuwa. Motocin da ke ɗaukar kaya tsakanin garuruwa a kan falet suke ɗauka, wato faffaɗan katakon nan da ake jera kaya a kai, kuma ba sa karɓar abin da ya zarce shi da yawa. A sito kuma kwantenar da zai rufe motoci ne a ciki, sauran kaya a tsakankaninsu ake cusawa. Dogon abu ba shi da wuri.

"A sa zarto a raba kowace biyu," in ji shi. "Su hau falet, su zo Manchester, in cusa su ƙarƙashin motoci. In sun isa Jos kafinta ya haɗa da ƙarfe da ƙusa. A takarda kuma kayan gidan Dokta ne, tunda komawa take. Shi ke nan."

Kafin in buɗe baki, ke Nana kika ajiye cokali. Ba ki cika magana a gaban Baffa ba, kuma Hausarki a lokacin sai a hankali. Da Turancinku na Birmingham kika fara, sannan kika tattaro Hausar da kike da ita don ya san da shi kike.

"Baffa, ba a haɗa ta. In doki ya buge ta, dole ta mirgina ta faɗi. In akwai ƙusa, ta karye, ta shiga ƙafarsa. Ya faɗi da yaron."

Yaya Sule ya yi dariya, ya ce lallai an yi mana 'ya a gidan Turawa. Bai yi fushi ba tukuna. Ni ce na ƙara. Na ce gaskiyar yarinyar ne, sandar da aka yanka ta tashi daga aiki, kuma na yi wa matar alkawari. Na ce sunan ma ba daidai ba ne. Waɗannan ba kayan gida ba ne, ba kuma katakon gini ba ne da za a nemi takardun itace a kansu. Kayan wasanni ne da aka gama ƙerawa, suna da rukuninsu a littafi, kuma in an rubuta su da sunansu, duk wanda ya buɗe kwantenar a Legas zai ga abin da takarda ta faɗa. In aka kira su da wani suna aka buɗe, Dokta ce za ta tsaya tana rantsuwa, ba mu ba. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya dubi ƙaninsa.

"Habibu, yaushe aka fara koya min lodi a gidanka?"

Mahaifinku ya ce, "Yaya, a ci abinci." Aka ci, amma tuwon bai ƙara daɗi ba.

Washegari da safe ina wanke-wanke mahaifinku ya shigo kicin ya tsaya a bayana. Na gaya masa abin da na gano. Akwai hanya: a kawo ƙaramar kwantena har gonar, a loda a can, sandunan su kwanta a tsawonsu, a warware ginshiƙan a jera su cikin juna, sirdi da linzami da sauran kayan Dokta su cika sauran wurin, kowane da sunansa. Daga gona ta wuce tashar jirgi kai tsaye. Ba falet, ba zarto. Illa dai ba za ta bi ta Manchester ba, kuma na san abin da hakan ke nufi a wurin Yaya. Kun san mahaifinku, ba ya gaggawar magana. Ya ɗauki faranti ya goge, ya ajiye, ya ɗauki wani.

"Binta, mutumin nan ubana ne, ba yaya ba."

Na ce na sani.

"Kuma daga hannunsa muke ci a yanzu."

Na ce wannan ma na sani.

"To ki je ki same shi da kanki, kada ya ji a waya. Ki ba shi girmansa, ki roƙe shi ya yi da sunan sitonsa. In ya ƙi, ki yi abin da kika yi alkawari. Ni zan ɗauki abin da ya biyo baya."

Ban taɓa gaya muku wannan ba, shi ma bai taɓa ba. Masu cewa na juya mahaifinku ba su san shi ba.

Na sami Yaya Sule a sito yana tsaye a kan ma'aikata ana ɗaure mota. Na jira ya gama, na bi shi ɗan ofishinsa, na durƙusa na gaishe shi kamar yadda nake yi a gida, ba kamar a wurin aiki ba. Na shimfiɗa masa komai. Na ce kwantenar ta tafi da sunansa, ribar tasa, ni wahalar kawai zan yi. Ya saurara har ƙarshe, wannan kam ya yi min. Amma abin da ya ji daban ne da abin da na faɗa. Ya ji cewa matar ƙaninsa, wadda ya ɗauko jiya, tana cewa yadda ya shekara yana yi ba daidai ba ne. Kuma a gaskiya akwai hakan a ciki, ko ban furta ba.

"Duk abin da zai tafi da sunana, ta ƙofar nan yake fita, yadda na ce," in ji shi. "In kwantena ta tashi daga wani wuri, to kin buɗe naki ke nan. Allah ya ba da sa'a."

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri."

Ya ce, "Ki gaida yara."

Yaya Hauwa ta taya ni haɗa kayana tana share hawaye, ta cusa min yaji da kuka a jaka kamar mai tafiya wata ƙasa. A motar dawowa na zauna kusa da taga, ba aiki, ba sito, ba komai sai alkawari da littafin kwastan a cinya. Tsoro na ji, ba na ɓoye muku. Amma ban ji na yi kuskure ba.

Sai da na yi rajistar kamfani kafin masu jirgi su saurare ni, kuma teburin cin abincinmu shi ne ofis. Can ma sai da aka yi ta fama a kan suna. Ma'aikacin da ke karɓar buƙata ya ji na ce sandunan katako, ya jefa su rukunin itace, ya fara lissafo min takardun da zan kawo, na daji da na ƙwari. Na ce masa ba itace nake aikawa ba. Ya ce da me aka yi su? Na ce da katako, kamar yadda aka yi sandar buga ƙwallon kurket ta ɗansa da katako, in yana da ɗa, amma ba ya kiranta gungume. Ya yi dariya, ya ce in aiko da hoto. Na aika masa hoton ginshiƙan da maƙalan ƙarfen da sanda ke zama a kai, na haɗa da naki, Nana, kina sama a kan doki, sanda ja da fari a ƙarƙashinki, fuskarki a murtuke kamar mai zuwa yaƙi. Da yamma ya bugo ya ce ya mayar da su kayan wasanni, ya kuma tambaya ko yarinyar tawa ce. Amma ya tuna min abu ɗaya da yake da gaskiya a kai: katakon da za a tokare kaya da shi a cikin kwantena, shi kam dole ya zama wanda aka gasa aka kashe ƙwarinsa, mai hatimi a jiki. Na gode masa, na nemo mai hatimin.

Ranar lodi ba zan manta da ita ba. An kwana ana ruwa. Tirela ta iso ta tarar hanyar gonar ta yi mata ƙunci, ga taɓo, direban ya ce ko taku ɗaya ba zai ƙara ba, kuma ba zai wuni yana jira ba. Kwantena a bakin titi, kaya a can ƙarshen fili, tsakaninsu tafiya mai ɗan nisa. Dokta Ladi ta ɗaga waya ta kira mutanen cocinsu na Perry Barr. Mahaifinku ya kira ɗaliban nan 'yan Kano da Katsina da suke sallah tare, masu karatun digiri da ba su taɓa ɗaukar abin da ya fi jakar kwamfuta ba. Kafin a jima motoci suka fara tsayawa a gefen titi. Iyayen yaran da suka yi hawa a gonar su ma suka ji, suka zo. Mutum biyu sanda ɗaya, ɗaya a gaba ɗaya a baya, a kafaɗa, aka yi layi cikin taɓo. Wani dattijon coci ya ɗauko waƙa da Hausa, ɗaliban ba su san ta ba amma suka riƙa amsa amshin, Turawan suna ta murmushi ba su san me ake cewa ba. Ni ina cikin kwantena da tef ɗin awo a wuya, ina cewa wannan nan, wancan can, a sa tsohon bargo tsakani kada fenti ya goge. Sandunan suka kwanta a tsawonsu kamar don wurin aka yi su. Maureen tana bakin ƙofa, duk wadda ta wuce sai ta shafa ta. Ba ta yi kuka ba. Da aka rufe aka sa hatimi, ta kama hannuna da nata mai kaushi ta matse har na ji zafi, ta ce:

"Da Ted ya so ki. Ba ya son mai aikin ganin ido."

Mahaifinku shi ya ɗauki sanda ta farko, shi ya ɗauki ta ƙarshe, rigarsa ta masallaci duk taɓo. Wani ɗalibi ya ɗauki hotonsa ya watsa a zauren hira na waya na mutanenmu 'yan gida, don yabo. Hoton ya isa Manchester kafin tirela ta isa tasha. Yaya Hauwa ta gaya min daga baya cewa abin da na yi bai yi wa Yaya ciwo kamar wannan hoton ba.

Kwantenar ta yi makonni a ruwa. A Legas an buɗe ta, kamar yadda na zata. Suka ga abin da ba su saba gani ba, suka duba takarda, suka ga sunan ya dace da kayan, suka yi 'yan tambayoyi, suka rufe. Daga nan mota ta hau da ita Jos. Ginshiƙi ɗaya ya tsage a hanya, kafinta ya gyara, wannan ba ya cutar da kowa. Sandunan kuwa ko ƙwarzane babu. Dokta ta bugo tana ihu, a bayanta ina jin yara, ta ce sun kewaye kayan suna taɓa fentin, wani yana tambaya ko na masallaci ne ko na coci. Na kai wa Maureen hotunan har ɗan gidan da ta koma. Ta saka tabarau ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta ce an jera shuɗin a karkace, in gaya wa Ladi.

Yanzu ga abin da ya ci mana. Kun tuna da kanku shekarun da muka daina zuwa Sallah Whalley Range, kuna tambaya muna cewa hanya ta yi nisa. Mahaifinku bai daina zuwa ba. Duk Sallah zai shiga mota shi kaɗai, ya je ya durƙusa ya gaida yayansa, a amsa masa a taƙaice, ya zauna a falo ana kallon talabijin ba mai cewa komai, ya dawo. Ina ganin yadda yake shigowa, ina ganin yadda yake cire takalmi a hankali kamar wanda ya yi rashin lafiya. Ko sau ɗaya bai ce min ke kika jawo ba. Shekarar farko kuma mun sha wuya ƙwarai. Mutanenmu duk na Yaya ne, kuma ban nemi ko ɗaya daga cikinsu ba, na haramta wa kaina wannan. Abin da ya zo min shi ne abin da kowa ya ƙi: dogo, mai kumbo, mara siffa, wanda ba a san me za a kira shi ba. Wata makarantar hawa ta ji labari a bakin Maureen ta ba ni kayan tsallakenta zuwa Ireland. Daga nan masaƙar hannu, daga nan turakun tanti, daga nan allon wasan kwando. Kowane sai na zauna na nemo sunansa na gaskiya da yadda zai kwanta ba a taɓa lafiyarsa ba. Da haka teburin cin abinci ya zama ɗaki, ɗaki ya zama siton da kuka sani, wanda ya kai ku jami'a ku biyun. Ina alfahari da shi, kuma ba na jin kunyar faɗa. Amma ku sani ba a kan faɗuwar Baffanku na gina shi ba. Sitonsa ya ci gaba da tafiya yadda ya saba har ya tsufa.

Shirun ya ƙare ne wata Talata da hantsi, ina cikin sito ina auna wani akwati. Waya ta yi ƙara, na ga lambar da na daɗe ban gani ba. Na zaci rasuwa ce. Na ɗauka na yi sallama. Ya amsa, muryarsa ta ɗan tsufa. Bai tambayi yara ba, bai tambayi ƙaninsa ba, bai ce komai a kan abin da ya wuce ba. Ya yi gyaran murya.

"Binta, akwai wani mutum a nan ya kawo min kwalekwale. Na tsere ne wai, siriri, ya fi sitona tsawo. Yana son a kai masa Legas."

Na ce, "To, Yaya."

Ina jin ƙarar injin ɗaga kaya a bayansa.

"Na ce masa ba a yankawa," in ji shi. "Na ce akwai ƙanwata a Birmingham. Me ake kiran abin nan a littafin naki?"

Na zauna a kan akwatin. Na ce ya ba ni zuwa la'asar in duba masa. Na san rukunin, da ka zan iya faɗa masa a lokacin. Amma ina son dalilin da zan sake kiransa.